Gidan da Suwaibatu Ta Saya a Ƙanƙara

Kaduna, 9 ga Maris, 1975

Zuwa ga Yaya Malam Nata'ala, malamin gona, Daudawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da Yaya Khadijatu da yara. Ni lafiyata lau, ban da tsayuwar asibiti da ke kumbura mani ƙafafu. Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, tun da rabonmu da juna shekara uku ke nan, tun wani suna da muka haɗu a Sabuwa. To kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, ni taubashiyarka ce, ko ka so ko ka ƙi nauyina na wuyanka.

Bayan haka, an biya mu kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, a watan jiya. Tun da na fara aikin nas ban taɓa riƙe kuɗi masu yawa haka ba. Abokan aikina duk sun bazama kanti, wannan firiji, waccan rediyo mai kaset, har da wadda ta sai wa mijinta babur. Ni na ƙulle nawa a ƙasan akwati, na haɗa da adashina, ina ta tunani.

Ka san Inna ta tsufa, kuma tun rasuwar maigidana ba abin da ke riƙe ni a Kaduna sai albashi. Burina in dawo Sabuwa in buɗe ɗan kemis kusa da ita. Abin da ke hannuna ba zai kai ba. Sai ga wani mutumin wajenku ya kawo matarsa haihuwa, muna hira ya ce yanzu ma'aikata sai ƙaruwa suke yi a Ƙanƙara, malaman makaranta da na aikin gona, ga kuɗi a aljihu ba gidan kirki na shiga. Ya ce akwai gidan wani marigayi Alhaji Mani a bayan kasuwa, magada na neman mai saye da araha don ya lalace. Shi ne na ce me zai hana in saya, in gyara, in sayar da riba.

Kar ka yi mani dariya. Babban abin da na taɓa saye a duniya keken ɗinki ne, shi ma an cuce ni. Don haka nake roƙonka ka hau babur ɗinka ka je ka gano mani. In ka ga da dama ka yi ciniki, zan aiko da kuɗin ta hannun direban da ke zuwa Funtuwa. Don Allah kar Inna ta ji tukuna.

Ƙanwarka,
Suwaibatu

Daudawa, 6 ga Afrilu, 1975

Zuwa ga Suwaiba, attajirar Kaduna.

Wa alaikumus salam. Mun ga takardarki, duk muna lafiya, sai ƙaramar ɗiyata da ta yi ƙyanda, ita ma ta miƙe. Dariyar da kika hana ni na yi ta, Khadijatu ta taya ni. Da muka gama sai ta ce mani ai kin fi mu hankali, don nawa Udojin ban san inda ya shige ba.

Na je Ƙanƙara ran kasuwa. Babban ɗan marigayin, Rabo, wanda ke zaune a Funtuwa, shi ya zagaya da ni. Zan faɗa maki abin da na gani ba ƙari. Zauren ya tsage tun daga sama har ƙasa. Shigifa uku ne a ciki, gara ta cinye azarar biyu, kana tsaye kana hangen sama. Akwai wani ɗan ɗaki can baya a rufe da kwaɗo, Rabo ya ce tarkace ne a ciki. Tsakar gida kuwa wata tsohuwar mota ce akori-kura ta marigayin, ba taya ba inji, kaji na ƙwai a mazaunin direba. Na tambaya yadda aka yi ta shiga, aka ce katangar ce aka gina bayan ta mutu.

Amma ginin na mutanen da ne, kaurin bangon ya kai kamu biyu. Filin na da faɗi. Rijiyar na sha ruwanta, garɗi gare shi, kuma maƙwabta sun ce ko da bazara ba ta ƙafewa. Daga ƙofar gida kana jin hayaniyar 'yan hatsi. Wuri irin wannan ba ya kwantai.

Mun daidaita a naira ɗari shida, bayan na tashi sau biyu kamar zan tafi. Kuɗinki sun iso, an yi takarda gaban alƙali da mai unguwa, da sunanki, tana nan na adana ta cikin littafin aikina.

Shawarata, a sauke rufin ƙasar a ɗora kwano, don yanzu ma'aikaci ba ya kallon gidan da ba kwano. A sake zauren. Siminti ne matsala, ya yi wuya ƙwarai, ana cewa yana can jibge cikin jiragen ruwa a Legas ba a sauke ba. Kuma damina ta matso, in za a yi a yi yanzu. Ki faɗa mani abin da kike so.

Yayanki,
Nata'ala

Daudawa, 2 ga Mayu, 1975

Zuwa ga Suwaiba.

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Ban jira amsarki ba na sake rubutowa, don wani abu ya taso wanda ya fi ƙarfin shawarata.

Shekaranjiya na kai magini da kafinta gidan. Muna shiga na hangi hayaƙi daga baya. Ɗakin nan da aka ce na tarkace ne, ashe mutum ke ciki. Wata dattijuwa ce, ana ce mata Goggo Barakatu, tana zaune tana kaɗi. Da ta gan mu ta tashi ta shimfiɗa mamu tabarma, ta kawo ruwa, sannan ta dube ni ta ce, “Kai ne sabon mai gidan?”

Na bincika. Ba dangin marigayin ba ce. Ƙawar mahaifiyarsa ce, mijinta ya rasu ba ta da ɗa ko jika, Alhaji Mani ya ba ta ɗakin ya ce ta zauna har ƙarshen ranta. Yau shekara talatin ke nan. Da baki aka yi, ba takarda. Ita ce ungozomar unguwar, rabin mutanen da ke lungun ita ta yanke masu cibi. Ranar da na zo duba gida da ranar da aka yi takarda, Rabo ya ba ta kuɗin mota ya tura ta biki 'Yargoje. Na je wajen mai unguwa na ce me ya sa bai gaya mani ba, ya sunkuyar da kai ya ce ya ɗauka na sani. Rabo kuwa na neme shi a Funtuwa, an ce ya yi Legas.

Laifina ne, da na sa an buɗe kwaɗon. A shari'a gidan naki ne duka, har ɗakinta. Amma kin san wanda zai saya zai so shi ba kowa a ciki. Ita ba ta roƙe ni komai ba. Abin da ta ce kawai, in za a tashe ta a gaya mata da sauran lokaci kafin ruwa ya sauka.

Na sa an fara sauke rufin ɗakuna biyu don kar a ɓata lokaci. Maganarta kuwa ina jiran ta bakinki. Na jefa wannan a gidan waya na Funtuwa.

Nata'ala

Kaduna, 11 ga Mayu, 1975

Zuwa ga Yaya Malam.

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa 'yar ƙarama sannu da jiki. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, an mai da ni ɗakin haihuwa, ba na samun ko zaman cin abinci. Takardarka ta watan Afrilu na karanta ta ya fi sau goma. Wai ni ce da gida har da rijiya. Allah ya saka maka da alheri, ya raya zuri'a.

Duk abin da ka shawarta na yarda. A sa kwano, a sake zaure. In siminti ya gagara a yi da abin da aka samu.

Tsohuwar motar nan kuwa, a fitar da ita daga gidan kafin magina su yi nisa. Ba ta da wani amfani sai tare wuri, kuma duk mai saye da ya shigo ya gan ta sai ya rage kuɗi. In ta ƙi motsi a samu ƙarti su ja ta su kai ta bakin kasuwa, duk mai so ya ɗauka. Kar ka tsaya jin tausayin kajin.

Ga sauran kuɗin aiki nan na ba direba tare da takardar, da sabulu na Yaya Khadijatu.

Ƙanwarka,
Suwaibatu

Daudawa, 8 ga Yuni, 1975

Zuwa ga Malama Suwaibatu.

Bayan gaisuwa. Kuɗi sun iso cif. Takardar kuwa ruwa ya ba direban kashi a hanya, ta jiƙe a aljihunsa, tawadar ta narke a wurare da dama. Amma abin da ya rage ya ishe ni.

Na rubuta maki labarin baiwar Allah mai shekara saba'in wadda ba ta da kowa, kika amsa mani da cewa tsohuwar a fitar da ita, ba ta da amfani sai tare wuri, in ta ƙi motsi a sa ƙarti su ja ta zuwa bakin kasuwa. Har da kar in ji tausayi. Na karanta sau uku ina neman inda na yi kuskure.

Na san mahaifinki, na ci tuwon Inna ba sau ɗaya ba. Ban san abin da Kaduna ke yi wa mutum ba. Gidanki ne, kina da iko da shi, amma ba da hannuna za a ja ta ba. Zan biya magini da kafinta haƙƙinsu, ragowar kuɗin da takardar gida zan aje su sai kin turo wanda zai amsa. Ki nemi wani ya ƙarasa maki.

Nata'ala

Kaduna, 20 ga Yuni, 1975

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ni kam ba zan ce lafiya ba. Jiya masinja ya miƙo mani takardunka biyu a tare, ta 2 ga Mayu da ta 8 ga Yuni. Ta farkon ta yi sati bakwai a hanya. Ta biyun na fara buɗewa, na karanta a tsaye a baranda ban gane komai ba, sai da na buɗe ɗayar. Sai ga ni zaune a kan benci tare da masu jiran awo.

Yaya, mota nake nufi. Akori-kurar Alhaji Mani mai kaji. Ranar da na rubuta waccan takarda ban san akwai wata Goggo Barakatu a duniya ba. Ka ɗauko ta ka duba da kyau, in ruwa bai cinye ba za ka ga na ambaci kaji a ƙarshe. Wace tsohuwa ce ake jin tausayin kajinta a bar ta?

Abin ya yi mani zafi, ba zan ɓoye maka ba. Kullum hannuna cikin jinin matan da ban sani ba, sannan a ce ni zan sa a ja sa'ar Inna a ƙasa. Amma da ni ce na karanta abin da ka karanta, da abin da zan ce ya fi naka muni.

Abin da ya fi damuna, ko ka riga ka faɗa mata? Don girman Allah in ka faɗa, ka koma ka warware. Kar kowa ya taɓa ɗakinta. Yadda za a yi da ita in an zo sayarwa ban sani ba tukuna, kaina ya ɗaure. Ka dai koma bakin aikin, ɗakuna biyu na buɗe ga damina ta kankama.

Suwaibatu

Kaduna, 3 ga Agusta, 1975

Yaya Malam,

Gaisuwa. Wannan ce ta uku da na rubuto ba amsa. Na nemi hutu an hana, saboda canjin gwamnatin nan kowa an ce ya tsaya a bakin aikinsa.

Inna ta ji. Wani ɗan koli da ke cin kasuwar Ƙanƙara ya faɗa a Sabuwa cewa gidan da 'yar Kaduna ta saya ya rushe da ruwan da aka yi, har ya danne wata tsohuwa. Ta aiko mani da saƙo mai zafi, ta ce in da gaske ne in san abin da zan faɗa wa Ubangiji.

Na haƙura da kuɗin. In fushi kake yi ka ci gaba da yi, amma ka rubuto mani layi ɗaya: tana da rai ko ba ta da shi.

Suwaibatu

Daudawa, 14 ga Satumba, 1975

Zuwa ga ƙanwata Suwaiba.

Tana da rai, lafiyarta lau, jiya ma da kunun tsamiyarta na sha ruwa. Na fara da wannan kafin gaisuwa don ki samu ki numfasa. Yanzu kuma barka da shan ruwa, ya ibada.

Ki dubi rubutuna ki ga yadda ya karkace. Sati biyu bayan na aiko maki da waccan takarda, babur ya kayar da ni cikin taɓo a hanyar 'Yargoje, hannun dama ya karye. Aka kai ni wajen mai ɗori a Faskari, na yi sati bakwai a gidan ƙanena. Takardunki uku suna ofis a Daudawa ba wanda ya kawo mani. Da na dawo na karanta su, kunya ta hana ni amsawa sai na je na ga gidan da idona.

Ki yafe mani. Tun ranar farko Khadijatu ta ɗaga takardar a rana ta ce akwai kalma ƙarƙashin inda tawadar ta narke, kuma Suwaibar da ta sani ba za ta faɗi haka ba. Na ce mata ni na yi makaranta ba ita ba. Har yau ba ta bar ni na huta da wannan magana ba. Abu ɗaya na gode wa Allah, ban faɗa wa Goggo komai ba, bakina ya kasa.

Ga abin da ya faru ba na nan. Kafintan ya samu aikin ajujuwa a Malumfashi mai kuɗi, ya tattara ya tafi ya bar ɗakunan a buɗe. Maginin kuma ya jibge ƙasa daidai bakin rariyar da ruwan gidan ke fita, bai ma san da ita ba. Ranar babban ruwan, da la'asar, tsakar gida ta cika har gwiwa. Goggo ta fita cikin ruwan ta ƙwala wa maƙwabta kira, ta nuna masu wurin, suka haƙa da fartanya har ruwan ya samu hanya. Bango ɗaya ya faɗi, na zauren da dama za a rushe. Ita kuma ta zame ta gurɗe ƙafa, aka ɗauke ta a hannu. Daga nan ɗan kolinku ya samo labarinsa.

Washegari ta sa aka rufe kan bangayen da zana da tsofaffin kwanuka. Sannan ta dogara sanda ta je gidan uwar kafintan ta zauna, ta ce ita ta karɓi haihuwarsa, ba za ta tashi ba sai an kira mata shi. Kwana uku ya dawo ya buga kwanon. Na tambaye ta me ya sa ta yi wa gidan da za a iya tashinta wannan wahala. Ta ce, “Ina ciki zan bar shi ya faɗi? Mai shi ba ta nan, ni ina nan.”

Motar taki maƙera sun yanka ta sun kwashe. Siminti buhu shida na samu, an yi gaban zaure da bakin rijiya. Sauran Goggo ta tara matan unguwa sun yi daɓe da makuba, an shafe bango da farar ƙasar garin. Ba za ki gane gidan ba.

Har mai saye ya fito. Alhaji Sanusi, ɗan kwangila, yana neman inda zai sa malaman da za a turo. Ya yi tayi mai kyau, wanda zai buɗe maki kemis har da firiji. Sharaɗinsa ɗaya, a ba shi gida ba kowa. Wannan karon ba zan yi maki fassara ba, ki rubuto da manyan baƙaƙe.

Yayanki mai laifi,
Nata'ala

Kaduna, 25 ga Satumba, 1975

Zuwa ga Yaya Malam.

Alhamdu lillahi. Layin farko na karanta na aje takardar, na je na yi alwala na yi nafila, sannan na dawo na ƙarasa. Sannu da hannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ka riƙa motsa yatsun cikin ruwan ɗumi safe da yamma, kar ka ce ka fi ni sani. Na yafe maka, amma ladan na Yaya Khadijatu ne. Na aika wa Inna, an ce har kuka ta yi.

Maganar Alhaji Sanusi, ba zan yi maka ƙarya ba, na kwana biyu ina juya ta. Na yi tunanin a kama wa Goggo haya a wani wuri, na yi tunanin a kai ta Sabuwa wajen Inna. Sai na tuna tsofaffin da ake kawo mamu asibiti daga ƙauye, yadda suke rikicewa in an raba su da inda suka saba, ko da an ba su gado mai katifa.

Ka ce filin na da faɗi. A ja katanga a raba ɗakinta da sauran gidan, a bar mata wurin murhu da makewayi, a fasa mata ƙofa ta lungu. Wannan yanki ba na sayarwa ba ne. Sauran Alhaji ya saya in yana so, ya rage abin da zai rage. In ya ƙi a jira wani. Ruwan rijiya kuma a sa a takarda cewa tana da haƙƙin ɗiba.

GOGGO TA ZAUNA. Ga manyan baƙaƙen, kuma na naɗe takardar cikin leda.

Ƙanwarka,
Suwaibatu

Daudawa, 16 ga Nuwamba, 1975

Zuwa ga Suwaiba.

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da mutanen gida. Hannu ya yi kyau, har na koma hawa babur, a hankali dai. Auduga ta yi kyau bana, aiki ya yi mamu yawa, shi ya sa kika ji ni shiru.

An sayar da gida ranar Alhamis.

Ba a sha da daɗi ba. Da na kai wa Alhaji Sanusi maganarki ya ce shi gida yake saye ba mutane ba, ya shiga motarsa ya tafi. Sati uku ba labarinsa. Wasu biyu suka zo suka taya da abin da bai kai kuɗin kwano ba. Ni kaina na fara tunanin ko mun yi wauta, ban dai rubuto maki ba. Ashe ya zagaya garin bai samu mai rijiya irin wannan ba, ga malamansa sun iso suna kwana a aji. Ya dawo da kansa. Ya rage kuɗi da yawa, ya yi ta mita a kan maganar ɗiban ruwa, amma ya sa hannu gaban alƙali. Wannan karon sai da na sa aka karanta takardar da ƙarfi gaban mai unguwa da maƙwabta huɗu.

Uwar kuɗinki ta dawo, da riba kamar naira ɗari uku bayan an fitar da komai. Firiji kam babu. Amma na biya ta Sabuwa ranar Juma'a, na ga wani shago kusa da tasha, hayarsa da kantoci da maganin farko ba za su gagare ki ba. Inna ta ce in gaya maki ta sa an share ɗakinki.

Saura labarin Goggo. Ranar da kafinta ya kafa mata ƙyaure, na kai mata kwafin takardar, na karanta mata cewa ɗakin naki ne, ita kuma za ta zauna ciki muddin ranta, ba mai tashinta. Ta sa na maimaita. Sannan ta ce in shigo, karo na farko da na taka cikin ɗakin. Suwaiba, ba komai a bango, ba komai a kan gado. Kwanoninta da tasoshi da 'yan zannuwanta duk suna ɗaure cikin ƙunshi uku a bayan ƙofa. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun ranar da na fara zuwa da magini. Wata shida da rabi tana kwana a tabarma kusa da kayanta, tukunya ɗaya ta bari a waje, don in an ce ta tashi kar ta ɓata wa kowa lokaci. A haka ta buɗe rariya, a haka ta yi daɓe.

Ta durƙusa za ta kwance, ƙullin ya ƙi. Ni da hannuna mai ɗori na taya ta, muka yi ta fama kamar yara. Da ya kwance ta fara fiddo kwanonin ɗaya bayan ɗaya tana gogewa da bakin zane tana jerawa. Ta ce in tambaye ki irin miyar da kike so, don ranar da za ki zo.

Ki rubuto ki faɗa mani, tana jira.

Yayanki,
Nata'ala